Man Gyaɗa a Bakin Na'urar Kunne

Har yau ban manta da Talatar nan ba. Ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba, ina atanda a wani ƙaramin asibiti a Jega. Ban yi boko ba, amma babu ɗan da na taɓa riƙewa ya kufce.

Wani likitan kunne yakan zo mana lokaci-lokaci da na'ura a akwati. Tana da siririn baki da ake sa wa 'yar roba, a toshe kunne da ita, ta hura iska kaɗan ta auna yadda fatar cikin kunne ke motsi. Sai ta yi zane a takarda. In zanen ya yi tudu, lafiya. In ya kwanta, akwai ruwa a bayan fatar. Aikina wanke robobin da riƙe kan yara, kada su yi kuka ko su haɗiye yawu.

Ran nan na ga robar na sa yara zabura. Mu kuwa a gida ba a sa wa yaro abu a kunne a bushe. Na lakato man gyaɗa na shafe robobin duka, ban gaya wa kowa ba.

Yaro na farko, zane ya kwanta. Na biyu ma haka. Ta uku Luba ce, ɗiyar wani manomi daga Gumbin Kure, wadda ta yi wata tana ciwon kunne. Ita ma zane ya kwanta. Likita ya dubi takardarta ya ce, "Inna Hajo, gaya wa mahaifinta ya kai ta Sakkwato. Mai yiwuwa a tsaga fatar a cire ruwa."

Na faɗa masa. Uban ya riƙo hannun ɗiyar ya ce, "Inna, wuƙa za a sa mata? Wagga 'yar mitsitsiya?"

Tun da ake zuwa da na'urar ban taɓa ganin uku sun kwanta a jere ba, kuma ni kaɗai na san abin da ya sake. In na yi magana, ƙila a kore ni, ga marayu ina ciyarwa. In na yi shiru, a yanki ɗiyar mutane. Likita har ya fara rubutu.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ni ce. Mai na shafa."

Ya ajiye biro. Ya sa na'urar a nasa kunnen. Zane ya kwanta. Ya cire robar ya ɗaga ta wajen taga, sai ga mai ya toshe ƙananan ramukan bakin. Ya daɗe yana gogewa. Ya sake gwada nasa, tudu ya fito. Ya gwada Luba, tudu ya fito, ya ɗan karkata gefe. Ya ce magani ya ishe ta. Aka kira sauran biyun aka sake musu.

Da aka watse ya ce, "Inna, miya kike yi ko aikin asibiti?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Gobe ki zo da wuri." Nan na san ba a kore ni ba.

Ku da kuke aikin yanzu, na'ura ba ta san don tausayi aka yi abu ba, abin da ta tarar shi take faɗi. In hannunku ya ƙara wani abu, ku faɗa tun likita bai sa hannu a takarda ba.