Ɗanwaken Ba'indiye

Jama'a, yau na ga ɗanwake a Madina, amma ba a gabana ba!

Hajiya Amna, maƙwabciyata a unguwar Azizya, ta kira mu walima. Na tafi da Sanje, Ba'indiyen da aka kawo aiki asibitinmu makon jiya. Ba Larabci, ba Hausa, kuma ba ya cin nama. Ni na yi masa tafinta da bakina.

Hajiya ta ce, "Miskin! Ya kwana da yunwa daga gidana?" Ta shige kicin. Sai ga ɗanwake da mai da yaji! Shekara huɗu ina roƙonta ta yi mini!

Na miƙa hannu, ta buge. "Kai ɗana, ci shinkafarka ta kabsa, ai kana cin nama."

Sanje ya suɗe kwanon tas, ya tambaye ni sunan abincin. Wallahi ban gaya masa ba.