Yadda Na Zama Kunnen Maigidana

Mijina mai ɗinkin ganga ne, a unguwar Fezzan muka zauna har Allah ya karɓi abinsa. Shi ba makaɗi ba ne. Makaɗa ke kawo masa kango, wato icen ganga da ba fata, ya jeme fatar akuya ya ɗinka, ya yi ta jan tsarkiya har muryar gangar ta zauna inda ake so. Ni kuwa abin da na sani game da kiɗa bai wuce wannan da daɗi, wancan ba daɗi ba.

To, tsufa ya zo masa ta kunne. Da fari sai an maimaita masa sallama, daga baya ko ladan ba ya ji. Ana nan, sai wani makaɗi daga Gamboru, wanda tun zamanin ubansa suke kawo mana aiki, ya dawo da ganga. Ya durƙusa a zaure, ya ɗaga murya ya ce, "Baba, ɗinki ya yi kyau, amma muryar ba irin taka ba ce."

Tsohon ya karɓi gangar ya ajiye. Ya naɗe basillarsa a tsumma ya cusa ƙarƙashin gado, tuwon ranar ma bai taɓa ba. Na san in basillar nan ta daɗe a can, shi ma kwanciya zai yi. Da safe na ɗauko ta na ajiye a gabansa, na nuna kunnena, na nuna shi.

Ya ce, "Ke, tsohuwa? Ke da ba ki raba ganga da faɗuwar kwano?"

Na matsa bakin kunnensa na ce, "Kai da kake rabawa, ga ka nan zaune."

Ya yi dariya har da tari. A madafi ya fara koya mini. Ya sa na saki taɓarya a turmi, ya ce, "Wannan shi ne kauri, murya ta ƙasa, a ƙirji ake jinta." Ya ƙwanƙwasa kofin shayi da cokali, ya ce wannan siririya ce, ta sama. Ya buga bakin randar da babu ruwa da tafin hannu, ya ce, "Kada ki saurari bugun. Saurari abin da ya rage bayan na ɗauke hannu, shi ne amo." Ya buga jiƙaƙƙiyar ƙwarya, ya ce wannan ta dushe, inda ta tashi nan ta faɗi.

Abin da ya ba ni wuya shi ne raba ƙarfi da siranta. Duk abin da ya cika mini kunne, sai in ce ya yi sama. Ya ce, "Sauro siririyar murya gare shi, amma ba ƙarfi. Motar kaya kuma ga kauri ga ƙarfi." Daga ranar na gane. Zaƙi ne kaɗai ya ƙi nuna mini. Ya ce, "Ranar da kika ji shi, za ki manta abin da kike yi."

Da yake ihu na gajiyar da ni, sai muka koma magana da hannu. In ya buga na danna gwiwarsa, kauri ya yi yawa, ya ja tsarkiya. In na mintsine shi, ta sirance, ya sassauta. Amo kuwa, yatsata nake ɗorawa a wuyan hannunsa in yi ta ja sama, ba na tsayawa sai sautin ya ƙare.

Haka muka zauna kan gangar mutumin Gamboru, yana ja ina dannawa, yana saki ina mintsini. Wata hantsi ya sauke gula, sandar kiɗa, a kanta, yatsata ta wuce gwiwar hannu, ta kai kafaɗa. Ban motsa ba sai da ƙaurin miyata ya iso zaure. Ya shinshina, ya dube ni, ya ce, "To, kin ji shi."

Da makaɗin ya zo, ya rataya gangar ya buga, ya sake bugawa, ya ce, "Iya, ki gaya wa Baba muryarsa ta dawo."

Tsohon bai kalli bakin makaɗin ba, ni yake kallo. Na kama hannunsa a gaban baƙo, abin da ban taɓa yi ba, na ja yatsata tun daga wuyan hannu har kafaɗa. Ya jawo tsumman basillarsa, ya ce wa makaɗin in akwai wani kangon a gida, ya kawo.