Jar Motar Osvaldo Gribaudo

Osvaldo Gribaudo ba ya shigowa shagon gahawata sai da safar hannu ta fata, irin ta direbobin tsere mai huji a bayan yatsu. Zai jingine kekensa a bango, ya zare safar yatsa bayan yatsa, ya ajiye ta kan tebur kusa da makullin mota, sannan ya ce, "Imelda, mai ƙarfi." Shekara wajen talatin ina dafa masa gahawa, ban taɓa ganin ya zo da wani abin hawa ba banda keken nan.

Motar kam akwai ta. Ja ce wur, gajeriya, mai ƙofa a baya maimakon but na zuba kaya, kafaɗun tayoyinta a kumbure. Irin waɗanda suka yi ta cinye tseren duwatsu ce muna matasa, har kowane yaro a yankinmu na Piemonte ya manna hotonta a bangon ɗaki. Ni in ka tambaye ni, kwalin takalmi ne aka sa wa taya huɗu. Amma maza in sun gan ta sai muryarsu ta sauya, su dinga zagaya ta hannu a baya, suna magana ƙasa-ƙasa.

Osvaldo ɗan auta ne a gidan masu gonar inabi, kuma tun yana ƙarami ya tsani duk abin da zai sa masa ƙasa a farce. Ya tafi Torino ya samu aiki a shagon labule, yana auna yadi. Can ya auri Nives, 'yar kawuna, wadda ke ɗinki a bayan shagon. Da mahaifinsa ya rasu sai ya sayar da rabonsa na gona, ya shiga wurin dillali, ya fito da jar motar sabuwa fil. Bayan wasu shekaru suka dawo garinmu Borgalto, su a jirgin ƙasa, motar a bayan babbar mota lulluɓe da barguna. Ya ce ta yi ritaya, don ta ga abin da ya ishe ta.

Labarin abin da ta gani ɗin shi ne abincin shagona tun daga lokacin. Wai ya tsere wa 'yan sanda a kan dutse cikin ƙanƙara. Ya je Sifaniya ya dawo tsakanin Juma'a da Litinin, har sau biyu, daga baya ya zama sau huɗu. Ya bangaji aladen daji a kwana, aladen ya mutu nan take, shi ko birki bai taka ba. 'Yan karta sukan ajiye wasa su saurara, shi kuma yana murza sitiyarin iska, yana jan giya da cokalin sukari. A garin da babu wanda ya taɓa zama komai, Osvaldo ya zama Direba. Haka yara ke gaishe shi, haka ma limamin cocinmu.

Gaskiyar kuwa Nives ta gaya min ita tun tuni, muna murza taliya a kicin ɗinta. Ranar da ya sayi motar suka hau tudun bayan Torino. Ya ɗan taka totur, motar ta yi zillo da su, da ƙyar ya tsaya dab da katangar wani gida. Ya fito a tsorace, ya zauna a bakin hanya. Nives ce ta tuƙo su gida. Daga ranar sai dai ya zaga unguwa da ita ran Lahadi a giya ta biyu, ya mayar gareji. A Borgalto ma ko zagayen babu. Yakan buɗe ƙofar gareji bayan an tashi daga coci, ya tayar da inji, ya bar shi ya yi ruri har tattabarun dandali su watse, sannan ya kashe ya goge ta da tsumma.

"Kada ki gaya wa kowa," in ji Nives. "Ba shi da wani abin sai wannan."

Ban gaya ba. Yana ba ni haushi, amma yana sa a sha gahawa biyu maimakon ɗaya.

Sai gwiwoyin Nives suka gaji. Gidansu irin namu ne na dutse, kicin a ƙasa, ɗaki a sama, matakala a miƙe. Ta kai da rarrafe take hawa. Asibiti suka sa ta a layin aiki, layin da babu wanda ya san ranar da zai iso kanta. 'Yarsu Loredana ta samo musu gida a ƙasan bene a Cuneo, kusa da ita, ba gareji. Ta kuma ce in an sayar da motar za a yi wa mamarta aiki a asibitin kuɗi kafin sanyi ya shigo. Osvaldo ya yi ta kauce-kauce, amma Loredana ba Nives ba ce. Ta zo da wayarta ta ɗauki motar hoto ciki da waje, ta sa talla a intanet.

A nan ne abin ya juye masa. Masu tara irin waɗannan motoci ba jarumta suke nema ba. So suke a ce motar ba ta je ko'ina ba, ba a taɓa fentinta ba, kujerunta ba su san zufar mutum ba. Agogon kilomita na motar Osvaldo ko dubu biyu bai kai ba. Tsoronsa na shekara talatin ya mayar da ita abin da masu kuɗi ke rububi. Sai dai duk wanda ya leƙa agogon nan ya san ba a je Sifaniya ba, shi ya sa tun dawowarsu akwai wata hular ulu da yake rufe shi da ita, wai don rana kada ta ci gilashin.

Mai saye na gaske na farko wani likitan haƙori ne daga Bergamo, Lanfranco Pedrotti. Osvaldo ya ba shi kwatance ta hanyar bayan maƙabarta, yadda ba zai bi ta dandali ba, ya kuma sa masa lokacin da kowa ke gida yana cin abinci. Likitan ya iso da wuri. Da yake mutum ne mai hankali, ya ga shagon gahawa, ya tsaya.

"Gidan Gribaudo nake nema, mai sayar da mota," ya ce da ni.

Tarcisio mahauci, wanda tun da ya rufe shagonsa bai bar teburin karta ba, ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya.

"Direba zai sayar? To, Likita, zauna. Kai ka san abin da za ka saya kuwa?"

Ni na ga abin da ke tafe. Na ce, "Tarcisio, bar bawan Allah ya sha gahawarsa."

"Ke Imelda, me kika sani a mota? Taimakon aboki muke." Ya ƙyafta wa sauran ido, alamar a ɗaga wa kaya daraja. "Likita, motar nan ta je Sifaniya ta fi sau shida. Da ita ya ɓace wa 'yan sanda a ƙanƙara. Ai ba ta taɓa hutawa ba a Torino, kullum tana kan hanya."

"Ka manta da aladen," in ji wani.

"Ina zuwa kan aladen. Ƙato ne, ni mahauci ne, na san abin da nake faɗa. Gaban motar duk ya lotse, aka sake mata sabo."

Likitan ya ajiye kofinsa a hankali. "An sake mata gaba?"

"Ko alama ba za ka gani ba," in ji Tarcisio, cike da alfahari.

Ba wanda ya yarda a bar shi a baya. Suka raka baƙon har gareji, su wajen takwas, ni ma na ja ƙofar shago na bi su. Osvaldo na tsaye da tsumma a hannu. Da ya hango ayarin sai fuskarsa ta yi fari. Nives na zaune kan kujera a bakin ƙofar kicin, ƙafafunta a kan bokiti da aka kife.

Likitan ya kama aiki. Ya fiddo wata 'yar na'ura ta auna kaurin fenti ya dinga ɗora ta kan fenti, daga bonet har ƙofar baya. Ya kwanta a ƙasa da tocila ya duba tsatsa, bai samu ba. Ya shafa tayoyin, waɗanda tun na kamfani ne, sun bushe sun tsattsage amma zanensu bai cinye ba. Ya shinshina kujeru. Ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya taɓa robar birki da ta kuloci. Sannan ya ɗauke hular ulun ya ajiye gefe. Tarcisio ya tura kai ta taga, ya karanta lambar, ya sake karantawa.

"Osvaldo, agogonka ya lalace ne?"

Likitan ya miƙe yana kaɗe wando. Murmushi yake, irin na wanda ya tsinci abin da ya daɗe yana nema.

"Lafiyar agogo ƙalau. Motar nan ba ta taɓa bugun ko kaza ba. Fentinta na asali ne, robar birki ko gogewa ba ta yi ba. Ban taɓa ganin mai tsabtarta ba." Ya juya ga Osvaldo. "Signor Gribaudo, zan saya a yadda 'yarka ta sa, ba ragi. Abu ɗaya nake so. Mutanen nan sun ba ni wasu labarai. Ka faɗa min a gabansu cewa hira ce kawai, mu gama."

Na dubi Nives, ita kuma mijinta take kallo. Kalma ɗaya ake nema daga gare shi. Da ya yi dariya ya ce, to me kuke so, mutum ya zauna shiru a shagon gahawa? Da an yi masa tsiya mako biyu an manta.

Osvaldo ya dubi Tarcisio, ya dubi sauran. Ya ninke tsumman ya ajiye kan bonet.

"Ni na mayar da agogon baya," ya ce.

"Ba ka mayar ba," in ji likitan.

"Na mayar. Da hannuna."

"To robar birkin fa?"

"Na sake sabuwa."

"Tayoyin?"

"Na ɓoye na asali tun farko, na yi yawona da wasu."

"Fentin kuma? Na'ura ba ta ƙarya."

"Wani tsoho ne a Torino ya yi min. Ya mutu. Na'urarka ba ta kai shi wayo ba."

Yana magana launin fuskarsa na dawowa. Ban taɓa ganin mutum yana ɗora wa kansa zamba da irin wannan ƙwazo ba. Tarcisio ya fashe da dariya ya doki kafaɗarsa.

"Kai tsohon ɓarawo. Da ka cuci Likita da ba mu zo ba."

Likitan ya daɗe yana kallon Osvaldo. Na tabbata bai yarda da ko harafi ɗaya ba.

"Ni na san abin da idona ya gani," ya ce. "Amma mota irin wannan da labarinta ake sayenta. Duk wanda zan sayar wa wata rana zai zo garin nan, kuma zai tsaya ya sha gahawa." Ya je ya gaida Nives da ladabi, ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya tafi.

Masu tara motocin nan duk sun san juna. Kafin mako ya zagayo wayar Loredana ta daina ƙara, sai 'yan kayan gyara masu son a farke ta a sayar musu gunduwa-gunduwa. Loredana ta zo ta yi wa ubanta wankin babban bargo, har dandali ana jiyo ta. Aka tura motar rumbun ciyawar Tarcisio, inda ɓeraye suka fi kaji yawa. Sunan Nives yana nan a layin asibiti inda yake.

Ranar tashinsu zuwa Cuneo na je taya Nives haɗa kaya. Tana zaune, ina miƙo mata faranti tana naɗewa da jarida. Ta tagar kicin ana hango teburin waje na shagona. Osvaldo na tsakiya, mutane sun fi na kullum, har da samari daga garin gaba da suka ji labari. Yana nuna musu yadda ake kwance agogo, yadda ake juya lambobin da tsinke ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa samun masu saurare kamar na ranar ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Ki bar ni in fita in faɗa musu. Yanzun nan."

"Ki faɗa musu me?"

"Gaskiya mana."

Nives ta murza gwiwarta ta dama da tafin hannu, ta jima tana kallon taga.

"Shekara talatin ina ɓoye musu cewa matsoraci ne," ta ce. "Yanzu kuma sai in ɓoye musu cewa bai taɓa cutar kowa ba."

"Ban da ke," na ce.

Ta dafa tebur da hannu biyu za ta tashi, ta kasa, ta koma ta zauna. Daga dandali aka sake kwashewa da dariya.