Kura Mai Haƙorin Makka

Duk wanda ya taɓa bin bayan babbar mota daga Illela zuwa Sakkwato ya ga aikin Mukhtari mai fenti, ko da bai san sunansa ba. Zakin nan mai riƙe da takobi da dawisun da ke buɗe wutsiya a jikin bodi, duk hannunsa ne. Ɗan masunta ne daga Kalmalo, amma ruwa bai karɓe shi ba, don tun yana yaro in kwalekwale ya girgiza sai cikinsa ya ɗuri ruwa. Haka Allah ya yi shi, matsoraci ne na ƙin ƙarawa. Shekara ashirin da huɗu yana zane a wata rumfa a garejin Alhaji Attahiru mai motoci, bai taɓa haɗa ido da Alhajin ba.

Ƙanwarsa Zuhura, malama a wata makarantar yara, ita ta jawo masa. Ta ce littattafan da ake kawo musu duk hotunan ƙanƙara ne da dabbobin da yara ba su taɓa gani ba, ya zana mata tsohuwar tatsuniyar kura ɓarauniyar awaki, amma ya juya ta yadda za a yi dariya. Mukhtari ya zauna ya juya ta son ransa. Kurarsa ta zama 'yar kasuwa, ta sayi rago a Ƙonni, ta saka masa hijabi ta ɗora shi a gaban mota. Da aka tsayar da ita a boda, ta ce uwargidanta ce ke ciwon haƙori. Nan uwargida ta buɗe baki ta ce "meee".

Zuhura ta buga kwafi arba'in, yara suka yi ta birgima. Sai dai Mukhtari yana da wata matsala da shi kansa bai lura da ita ba: hannunsa ba ya ƙirƙirar fuska, wadda ya saba gani yake ɗaukowa. Kurar ta fito da haƙorin Makka a gefen hagu, da hula a karkace, da tabo a kan gira. Wata jikar Alhaji da ke ajin tana buɗe shafin farko ta ƙwala ihu, "Ga Kaka!"

Da labarin ya iso wa Mukhtari, buroshi ya faɗi daga hannunsa. In mota ta tsaya a bakin gareji sai ya leƙa ya ga ko Alhaji ne. Rumfar nan ita ce gonarsa, da ita yake ciyar da mutum tara, kuma in Alhaji ya kore ka babu mai mota a Illela da zai sake ba ka ko rubutun lamba. Ran Lahadi da hantsi, kasuwa na ci, aka ce Alhaji na kira a ofishinsa.

Ya cire takalmi tun daga nesa ya durƙusa. Littafin na kan cinyar Alhaji.

"Kai ka zana wanga?" in ji Alhaji.

"Ranka shi daɗe, kuskure na. Hannu na yaz zame, wallahi ban yi nufin fuskarka ba."

"Bar zancen fuska. Jikata kullum kura taka ce min, wanga ba komi ba ne." Alhaji ya sa aka ja ƙofa, ya rage murya. "Wa yag gaya maka zancen rago?"

Mukhtari ya ɗago kai, abin da bai taɓa yi ba. "Wane rago, Alhaji?"

"Kak ka maishe ni yaro. Har kalar hijabin ka sa, ruwan toka. Shekara talatin ke nan, tun ban da mota tawa. Mu ukku munka san shi: ni, da ƙanena Faruk da yab ba da hijabin matatai, da marigayi Abu direba. In Faruk na, yau shi bar min gida. In kuma ka ƙi hwaɗi, kwashe gwangwanayenka kahin azahar."

Ruwan toka kuwa shi ne fentin da ya rage wa Mukhtari ranar da ya yi zanen, shi ke nan dalilin. Ya rantse cewa daga kansa ya ƙago labarin, ya sake rantsewa, Alhaji ko gezau, sai duba agogo yake. Gaskiyar tana bakinsa, amma ba mai saye. In ya ce Faruk, ya raba 'yan'uwa a kan ƙarya. In ya yi shiru, ya koma gida ya ce wa mutum tara me? Saura mutum ɗaya, wanda ba zai tashi ya ƙaryata shi ba. Kuma Abu ne ya fara riƙo hannunsa ya shigo da shi garejin nan, lokacin ko buroshin kirki ba shi da shi.

"Abu na," ya ce, da wata murya da bai san tasa ce ba.

"Abu," Alhaji ya maimaita a hankali. "Ni da nike cewa ko wuƙa anka sa mai ba shi tona ni. Ni nay yi mai wanka da hannuna." Ya rufe littafin ya kau da kai. "Tashi ka koma aikinka."

Mukhtari yana nan a rumfarsa har yau, aiki bai yanke masa ba. Buhun geron da Alhaji ke aika wa matar Abu duk kaka ne bai sake fita daga garejin ba. Gidan yana kan hanyar Mukhtari ta zuwa masallaci, kuma in ya hango ta a ƙofa tana tankaɗe, ita ke fara gaishe shi, ta ce Allah ya yi masa albarka don bai manta da su ba.