Mutumin Bakin Taga

Ranar Talata, tara ga Nuwamba, ina yanka kifi a rumfata 'yata Chizuru ta bugo waya ta ce ka rasu, Tsuruoka-san. Ni da na bar makaranta tun kafin malamai su gama haddace sunana, yau ni ne da rubuta maka ta'aziyya. Ka yi haƙuri, masu ilimin ofishinku sun yi shiru.

Ranar da Chizuru ta kama aiki a ofishin ruwa na garinmu, kai ka sauko ka tarye ta, ka sa kafinta ya ɗaga teburinta don kekenta na guragu ya shige ƙarƙashi. Da na kawo maka kifi don godiya, ka shinshina ka ce, "Kabasawa, wannan ai ya girme ni."

Sai shanyewar jiki ta kama hannunka na hagu, ga furfura. Ba su kore ka ba, hukuma ba ta kora. Teburinka suka mayar bakin taga, suka ɗauke wayar, suka bar ka da kallon ma'ajiyar motoci daga safe har yamma. Wanda ya dawo daga tafiya zai bi tebur tebur yana ajiye tsarabar alawa, ya zo naka ya wuce. Kai kuwa in ka je ko asibitin birni ne, sai ka raba wa kowa, har shugaban da ya tura ka can, da hannu ɗaya, kana rusunawa.

Ka kai hukuma ƙara, cewa tsufa da naƙasa ne laifinka. Cikin ofishin kaf Chizuru ce kaɗai ta yarda ta ba da shaida. Ba ka kai ranar zaman ba. Matarka Setsuko-san ta ce ƙarar ba za ta bi ka kabari ba, ita za ta ci gaba da ita.

Makon jiya suka mayar da Chizuru bakin tagar. Na ce, "Ke, ki janye, ni kifi kawai na iya, ban iya ciyar da ma'aikaciya ba." Ta ce, "Baba, ai sun ji daɗina, da tayoyi nake, ko ɗaga ni ba su yi ba." Na yi dariya don halina ne.

Ta ce in rana ta yi sanyi aka kunna fitilu, gilashin yana nuna mata ofishin a bayanta, kowa ya sunkuyar da kai, sai mutum ɗaya a zaune yana kallonta, hannunsa na hagu a kan cinya. Ba ta waiwayawa. Za ta je kotu.

Ina yi wa Setsuko-san da 'ya'yanka ta'aziyya. Allah ya ji ƙanka, ya ba ka wuri a tsakiyar jama'a. Kafin ka tafi can, mutumina, ka ɗan zauna da yarinyar nan har ta yi magana.