Ranar da Muka Yi wa Babura Guɗa

Ran nan Talata ce. Na tashi da asuba kamar kullum, na hura wuta, na dama kunu da ɗan tsakin da ya rage. Maigidana ya sha a tsaye, yana duban gabas. Wata biyu ke nan ba shi da wani aiki sai duban gabas.

Ku da ba ku can, bari in gaya muku yadda shekarar ta zo mana a ƙauyenmu na ƙasar Dogon Kiriya. Sau biyu muna shuka, sau biyu rana tana ƙone ta. Irin hatsi na ƙarshe yana cikin ƙwarya a ƙarƙashin gadona. Tafkuna duk sun ƙafe, shanun ƙauye uku suka dawo shan ruwa a rijiyarmu. Kowa ya san haka. Ashe har ɓarayin daji sun sani.

Da hantsi, ina daka, muka ji rugugi daga gabas, can nesa, ƙasa-ƙasa. Ga jar ƙura a gindin sama, irin mai zuwa gaban hadari. Maƙwabciyata Ige ta yar da taɓarya ta rangaɗa guɗa. "Cida! Wallahi cida ce!" Gida-gida aka amsa mata. Mata suka fito da tuluna da robobi.

Ni kam kunne gare ni. Ko tari mutum ya yi a bayan darni, na san wane ne. Cida tana yi tana hutawa. Wannan ba ta hutawa. Na ji haka sarai. Amma ina son ruwan nan, jama'a, ina son shi.

A wajenmu, in hadari ya taso, manomi ba ya jira. Binne iri yake yi a busasshiyar ƙasa, ruwa ya iske shi. Maigida ya leƙo ɗaki yana murmushi. "Uwar Hajo, miƙo irin nan." Na miƙa masa. Ya saɓa sungumi ya yi gabas.

Ban ƙare tankaɗe ba na ji harbin farko. Sai na biyu. Sai babura ko'ina, mutum bibbiyu a kai, fuskoki a naɗe, suna daka mana tsawa.

"Ku kwanta! Ina shanun?"

Na fizgi hannun ɗiyata Hajo, muka keta darni ta baya. Muka faɗa busasshiyar ƙorama, muka bi ta yamma. Yashi yana cin ƙafa. A bayanmu shanu suna kuka, rumbuna suna ƙara cikin wuta. Azahar ta iske mu ƙarƙashin wata aduwa, mu tara da muka haɗu a gudu, babu mai ɗigon ruwa. Tulunanmu suna can jere a tsakar gida, baki buɗe. Da la'asar wani mai amalanke ya kai mu bakin hanya. Washegari muka shiga Dogon Dutsi, gidan yayana.

Ran Juma'a maza, har da yayana, suka koma ƙauye tare da jandarmomi. A gona suka sami gawar maigidana, sungumi a gefensa, ƙwarya a kife. Nan suka rufe shi. Ran Lahadi ruwa ya sauka, mai yawa.

Har yau in sama ta yi rugugi sai in ajiye abin da ke hannuna, in saurara ko za ta huta.

Yayana ya sake zuwa ƙauyen bayan sati biyu. Na tambaye shi gonar. Ya ce shukar ta fito, kore shar. Layi biyu da rabi.