Tantin da Na Shanya

Shekara goma sha ɗaya mijina yana kafa wa alhazai tantuna a Mina da Arfa, ban taɓa jin an ce nasa ya faɗi ba. A unguwar Hindawiyya ta Makka muke zaune, ɗaki ɗaya, mu da yara biyu. Aikin hajji ne ya kawo mu daga Kano muka maƙale, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba kowace irin takarda. Shi yana ƙarƙashin wani muɗawwifi, irin masu saukar da alhazai, ni kuma ina yi wa matar mutumin wanki da girki. Duk shekara sai maigidan ya dafa kafaɗar Malam, mijin nawa, ya ce bana zai tsaya masa a yi takarda. Duk shekara Malam sai ya dawo yana washe baki kamar ta riga ta shiga aljihunsa.

Wani lokacin sanyi, bayan an buɗe sabuwar hanyar dutse, 'ya'yan gidan suka tada ballin sai an je Hada a yi kwana biyu a tanti. Ni dai ban gane wannan nishaɗi ba, mutum da ɗakinsa da bargonsa ya hau dutse neman sanyi. Amma maigidan ya gayyato surukinsa, wanda aka ce sa hannunsa kaɗai ya isa a yi wa mutum iƙama. Ya ce wa Malam, "Nuna masa aikinka, ya Hajji, sauran ka bar mini."

Na bar yara wurin maƙwabciya. A shingen askarawa maigidan ya leƙo ta taga ya ce, "Nawa ne," aka ɗaga mana hannu muka wuce.

Hada ɗan ƙaramin gari ne a lokacin, gidajen dutse da gonakin fure, ga birai zaune bakin hanya suna kallon mutane. Sanyin wurin har cikin haƙori. Malam ya sauke turakunsa na itace ya ɗora guduma, turke ya tsage. Ya matsa gaba, wani ya tsage. Ko'ina dutse ne. Mutanen wurin, na gani daga baya, a jikin duwatsu suke ɗaure igiya. Shi kuwa yashi ya sani. Maigidan ya ɗaga murya, "Ka iya ko ba ka iya ba?" Wanda ba shi da takarda ba ya cewa bai iya ba. Malam ya gangara ya sami wani shimfiɗaɗɗen yashi mai laushi tsakanin duwatsu biyu, kafin azahar ya tsayar da tanti uku, kyawawa, har surukin ya gyaɗa kai.

Ina hura wuta wata tsohuwa mai kiwon awaki ta tsaya kaina. Ta nuna yashin, ta nuna sama, ta ce nan hanyar ruwa ce. Na ruga wurin Malam.

"Malam, a cikin rafi fa ka kafa."

Ya yi dariya. "Ke, wa ya taɓa ganin ruwan sama da sanyi? Rafi sai damina."

Mun fi shekara goma a ƙasar, mun ga an yi ruwa a Makka cikin sanyi, amma jikinsa bai bar lissafin Kano ba. Na nace. Ya waiga ya dubi manyan nan biyu, sun miƙe ƙafa a kan darduma ana zuba musu shayi. Ya rage murya ya ce, "To ni ne zan je in ce su tashi?"

Da la'asar gajimare ya sauko. Ruwan da ya zuba a kanmu bai taka kara ya karya ba, can sama aka yi shi. Ƙara muka ji, sai ga jan ruwa har gwiwa. Ba wanda ya mutu. Tukunyar shinkafata ta tafi, dardumai suka tafi, surukin ya hau dutse da rarrafe, takalmi ɗaya, matasa na ƙunshe dariya. Tantunan kuwa ko gezau, turakun Malam sun riƙe. Har yau wannan ne yake ƙona mini rai.

Maigidan bai yi zagi ba, da ma zagin ya yi. Ya ce in shiga mota da mata. Ya ce Malam kuma ya tsaya ya naɗe kaya, ya biyo mu gobe a lori. Na ce, "Ya ammi, baba, shingen fa?" Ya rufe ƙofa kamar bai ji ba. Malam na tsaye cikin laka da guduma a hannu, yana ce mini in tafi, ba komai.

Washegari da hantsi lori ta iso ƙofar gidan. Direba ya ce askarawa sun sauke baƙin mutumin a shinge, an wuce da shi Jidda. Na durƙusa gaban maigidan ina kuka. Ya ce in sha Allahu zai duba. Yana cikin dubawar jirgin ruwa ya tashi da Malam. Wasiƙarsa biyu na samu daga Kano, ta ukun ƙaninsa ne ya rubuto, ta rasuwarsa.

Amma a ranar da lorin ta zo, tun hawayena bai bushe ba, uwargidan ta leƙo ta ce tantunan za su yi wari, in hau da su soro. Ina da yara biyu, ba ni da takarda. Na hau na shanya su. Ƙullin da Malam ya yi a igiyoyin ya sha ruwa ya ƙi kwantuwa, sai da na sa haƙori.